Tambaya: ƙanwata tana shan maganin kansar jini, ana iya haɗa mata da magungunan awon ciki?

Maman Sadik, Ƙofar Ƙaura:

Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah shawara nake nema musamman in akwai likita ko nas ko mai aikin famasi a cikinmu. Ƙanwata ce uwa ɗaya uba ɗaya, shekarunta 24, ta haihu farkon bara ɗiya mace, to tun tana jego muka lura ba ta da ƙarfi, ga zazzaɓi yau ya tafi gobe ya dawo, dasashinta na jini in ta wanke baki, jikinta duk tabo-tabo baƙi alhali ba ta bugu ba. Mu duk mun ɗauka jinin da ta zubar wurin haihuwa ne, aka yi ta maganin maleriya da taifot har dai daga ƙarshe aka tura mu Kano aka ɗebi ɓargonta aka auna aka ce kansar jini ce, irin wadda suke ce ma ALL. Wlh mun ga tashin hankali, an yi mata kemo mai ƙarfi, wato maganin kashe ƙwayoyin kansa, ta kwanta asibiti, an ƙara mata jini ledoji da yawa, dole aka yaye yarinyar ta koma hannun Hajiyarmu. Alhamdulillahi yanzu an ce cutar ta kwanta, ta dawo gida Katsina tana shan ƙwayoyi, ɗaya kullum an rubuta 6-MP a takardar, ɗaya kuma sau ɗaya a sati an rubuta MTX, sannan duk wata tana komawa a yi mata allura a auna jini.

Inda matsalar take, Hajiyarmu ta ga har yanzu idonta fari fat tafin hannunta ma haka, sai ta aika kemis aka sawo mata irin magungunan da ake ba mata wurin awo, ƙaramin ɗorawar nan folik asid da jan nan na ƙarin jini da bi-kwamfiles. Ita kuma uwar mijinta ta kawo kwalin Pregnacare, bitamin ɗin masu ciki, wai yana gyara jiki yana shirya mahaifa, tunda dama ta fara zancen ya kamata yarinyar ta samu ƙane. Ta yi sama da sati biyu tana shansu duka ni ban sani ba sai jiya da na je na gansu bisa madubi. Na tuna wata nas ta taɓa ce mana kar a ba ta kowane magani sai an tambaya, na faɗa ma Hajiya ta ce ai wannan ba magani ba ne bitamin ne, mai ciki ma an ba ta bare wadda ba ta da shi. Ni dai hankalina bai kwanta ba, ranar komawarta asibiti kuma da saura. Mi ya kamata mu yi?

Ummu Hanifa:

Wa alaikumussalam, Allah sarki, Allah ya ba ta lafiya ya sa kaffara ne. Ni dai a ganina ba komai Maman Sadik, dan Innarmu tana da ciwon amosanin gaɓɓai kuma wannan MTX ɗin da kika ce shi take sha duk ranar Litinin, kuma likitan da kanshi ya haɗa mata da folik asid ya ce yana rage mata gyambon baki da tashin zuciya, shekara da shekaru kenan ba abin da ya same ta. Ki ƙara mata da zogale da hanta da zoɓo, in sha Allah jinin zai dawo.

Malam Famasi, Katsina:

Maman Sadik kin kyauta da kika tambaya, kuma amsar a taƙaice ita ce a ajiye magungunan awon nan duka daga yau, a ci gaba da na kansar yadda likita ya rubuta ba tare da an tsallake ko ɗaya ba, sannan a kira asibitin gobe a faɗa masu, kar a jira ranar komawa. Amma bari in yi bayani dan ki samu abin faɗa ma Hajiya, ita ma ƙauna ce ta sa ta.

Duk ƙwayar halitta da za ta rabu biyu a jikin mutum sai ta yi amfani da folik asid wajen kwafin kanta. Shi ya sa ake ba mai ciki, saboda jariri ba abin da yake sai rabuwar ƙwayoyin halitta dare da rana. To ƙwayoyin kansar jini su ma haka suke, rabuwa suke ba tsayawa, su ma shi suke buƙata. Shi MTX, wato metotireksat, aikinshi kenan ya toshe hanyar da jiki ke bi ya sarrafa folik asid ɗin, sai ƙwayoyin cutar su kasa haihuwa su mutu. Kin ga kenan kamar mutum ne ya datse ruwa dan ciyawa ta bushe, wani kuma ya zagayo ta baya yana yi mata ban ruwa. Ta haka ma aka gano maganin tun farko, a shekarar 1947 wani likita a Boston ta Amurka mai suna Sidney Farber ya ba yara masu kansar jini wani nau'in folik asid sai ya ga cutar ta ƙara gudu, daga nan ya juya tunaninshi ya nemi abin da ke hana folik asid aiki, aka ba shi wani magani aminofterin, yayan metotireksat ne, a 1948 ya bayyana cewa cikin yara 16 cutar ta lafa wa 10 na ɗan lokaci. Kafin nan ba a taɓa ganin magani ya yi haka a irin wannan kansar jinin ta yara ba.

Kuma ki duba yawan da take sha. Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ba mai ciki shi ne miligiram 0.4 a rana, shi ne adadin da ke cikin Pregnacare, amma ƙaramin ɗorawar nan da ake saidawa a kemis miligiram 5 ne, ya ninka wancan fiye da sau 12, ita kuma tana haɗa su biyun kullum. Yana iya rage ƙarfin maganin, sannan akwai wani abu da mutane ba su lura da shi, likitanta da sakamakon awon jinin da ake yi duk wata yake daidaita yawan ƙwayoyin, ya ƙara ko ya rage, to in akwai abin da take sha a ɓoye wanda ke taɓa sakamakon sai ya yanke hukunci a kan abin da ba shi ne gaskiyar jikinta ba.

Ummu Hanifa abin da kika faɗa game da Inna gaskiya ne amma ciwon daban ne. A amosanin gaɓɓai ana ba da maganin ne dan ya kwantar da garkuwar jiki, ba wata ƙwayar cuta ake son kashewa da yunwar folik asid ba, shi ya sa ake haɗa su da gangan. Ko a kansar ma akwai lokacin da ake zuba metotireksat mai yawa ta jijiya a asibiti sannan bayan wasu awoyi a bi shi da wani ɗan uwan folik asid mai suna lukoborin dan a ceci ƙwayoyin jiki masu lafiya, amma wannan da agogo da awon jini ake yinshi, ba aikin gida ba ne.

Sai jan maganin ƙarin jinin. Rashin jinin mai kansar jini yawanci ba daga ƙarancin sinadarin ƙarfe yake ba, ɓargon ne cutar ta taɓa, kemon ma yana danne shi. Kuma kin ce an ƙara mata ledoji da yawa, kowace ledar jini tana ɗauke da wajen miligiram 200 zuwa 250 na ƙarfe, jikin ɗan Adam kuma ba shi da hanyar fitar da rarar, taruwa yake a hanta da zuciya. Mai yiwuwa ma ƙarfen ya yi mata yawa ana ƙara mata wani, ga 6-MP da MTX dama suna wahalar da hanta. Akwai gwajin da ake ce ma feritin, shi ke nuna gaskiya. Ban da haka jan maganin yana taurar da bayan gida, allurar wata-wata da ake yi ma masu ALL kuma galibi binkiristin ce wadda ita ma tana taurar da shi, in suka haɗu ciki yana iya ɗaurewa sosai. Yana kuma mai da bayan gida baƙi, alhali baƙin bayan gida na daga alamomin da muke son a gani da wuri in jini na zuba a cikin hanji.

Abu na ƙarshe da ya fi ba ni tsoro ma, ƙwayar metotireksat ta miligiram 2.5 yawanci ƙarama ce ɗorawa, folik asid ma ƙarami ne ɗorawa. In suna wuri ɗaya bisa madubi wata rana za a ɗauki na sati-sati a sha shi kullum bisa kuskure, kuma wannan kuskuren yana kisa. Ki raba su yau ɗin nan.

Sista Ungozoma, Daura:

Malam Famasi ya gama magana ta ɓangaren magani Allah ya saka mashi, ni zancen uwar mijin nan ne ya tsaya mani a rai. Maman Sadik dan girman Allah ku zaunar da mijin ku faɗa mashi a fili, bai kamata ƙanwarki ta ɗauki ciki yanzu ba ko kusa. Metotireksat fa shi ne maganin da ake amfani da shi a narkar da cikin da ya zauna a wajen mahaifa, kin ga kenan in ta samu ciki tana shanshi ko dai ɓari ko kuma a haifi yaro da nakasa a kai da fuska da gaɓoɓi, kuma ba wani Pregnacare da zai tare wannan. Ko bayan an gama ma ana cewa a jira aƙalla wata 6, likitan jini kuma yana iya cewa a ƙara fiye da haka saboda ita cutar kanta. Maganin ALL gaba ɗaya yakan kai shekara 2 zuwa 3, sai haƙuri.

Na san yadda abin yake a gidajenmu, mace ta yi shekara biyu ba ciki sai a fara yi mata habaici, wani lokaci har a fara zancen kishiya, sai ita ma ta ɓoye ta ƙi yin tazarar haihuwa dan tsoro. Kuma kar wai ku dogara da cewa al'adarta ta rikice saboda kemo, na ga waɗanda suka ɗauki ciki a haka. Su je tare da mijin a zaɓa mata hanyar tazara da ta dace da jikinta, likitan jinin da na mata su yi shawara, dan ba kowace iri ce ta dace da mai irin wannan jinyar ba. In kuma akwai ko ɗan shakku yanzu a yi gwajin ciki kafin ta sha na satin nan, tunda uwar miji har ta fara kawo maganin shirin ciki ni ban yarda ba sai an duba.

Kar kuma wata mai ciki ta karanta wannan ta ce to ashe folik asid matsala ne ta daina sha. A'a wlh. Ga mai lafiya shi ke kare jariri daga tawayar ƙashin baya da ta ƙwaƙwalwa, kuma wurin da suke fitowa a jikin jaririn yana rufewa ne cikin kwana 28 na farko, lokacin da mace da yawa ba ta ma san tana da ciki ba, shi ya sa muke cewa a fara tun kafin a ɗauka. Wadda kuma aka gano kansar jinin tana da ciki ita ma ba a yanke ƙauna, wata ukun farko ne suka fi haɗari, daga na huɗu zuwa sama akwai kemon da ake iya yi ana lura da ita da jaririn, amma su likitocin ne za su rubuta mata bitamin ɗin da za ta sha da adadinshi, ba za ta karɓi na layin awo kamar kowa ba. In kika zo awo kina shan wani magani ki faɗa mana tun a teburin farko, mu ba duba muke ba.

Baban Ikram, Batagarawa:

Allah ya ba ta lafiya. Ina so in ƙara abu ɗaya dan kar mutane su ɗauka kansar jini iri ɗaya ce. Mai ɗakina tana da ita amma tata CML ce, mai tafiya a hankali, ƙwaya ɗaya take sha kullum imatinib miligiram 400, wanda aka fi sani da Glivec. Asibitin koyarwa na Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife nan ne aka daɗe ana ba da shi kyauta ta hannun wata ƙungiyar agaji mai suna Max Foundation tun 2003, ga wanda ba shi da labari, dan sayenshi ba aikin talaka ba ne. Shi wannan maganin ba ta hanyar folik asid yake aiki ba, to amma shi ma yana iya illata jariri musamman a watannin farko. Da muka so ƙarin haihuwa ba mu yi gaban kanmu ba, likitan ya ce mu jira sai gwaji ya daɗe yana nuna cutar ta yi ƙasa sosai, sannan shi ya tsara lokacin da za ta dakata, ya ce ta fara folik asid, ana auna jininta a kai a kai har ta sauka lafiya ta koma kan maganinta. Kin ga ita an ce ta sha, ƙanwarki an ce kar ta sha, duk kuma sunan cutar kansar jini.

A layin asibiti na haɗu da masu shan wani ɗan uwan imatinib mai suna dasatinib, su kuma dokarsu daban, maganin gyambon ciki na ruwa da ƙwayar kalsiyam sai an raba su da shi da awa biyu in ba haka ba ba ya shiga jiki yadda ya kamata. Abin da na koya dai na samu leda guda, duk abin da take sha har na gargajiya a ciki yake, duk zuwa asibiti sai na zazzage shi gaban likita.

Maman Sadik, Ƙofar Ƙaura:

Innalillahi, jikina duk ya yi sanyi. Na gode ƙwarai Allah ya biya ku. Yanzu na dawo daga gidan na kwashe su duka na taho da su, kuma wlh Malam gaskiyarka ƙwayoyin nan biyu sai ka ƙura ido kake bambance su. Na ƙirga na satin da ita, lissafin ya cika ba a sha fiye da ƙa'ida ba alhamdulillahi. To amma sati biyun nan da ta yi tana sha, cutar za ta dawo kenan? Ita kanta kuka take tun ɗazu. Sannan abinci fa, zogale da alayyahu da hanta da wake na ji an ce su ma suna da folik asid, a hana ta ne? Kuma ɗazu Hajiya ke cewa jikinta da ɗan ɗumi za a sawo mata Fansidar.

Malam Famasi, Katsina:

Kar a ba ta Fansidar. Shi ma folik asid yake toshewa, in ya haɗu da metotireksat suna iya durƙusar da ɓargon gaba ɗaya. Haka Septrin, sai dai in likitanta ne ya rubuta da ranakunshi dan wani lokaci suna ba da shi da kansu suna lura. Haka ibufurofen da diklofenak da asfirin, suna hana ƙoda fitar da maganin da wuri kuma suna ƙara zubar jini. Ku sa mata ma'aunin zafi yanzu kafin a ba ta ko farasitamol, in ya kai 38 ku kai ta asibitin koyarwa na tarayya nan Katsina a daren nan da takardunta, ku ce masu tana kan kemo, zazzaɓi ga mai kemo ba a kwana da shi a gida saboda sojojin jininta na iya yin ƙasa ba wanda ya sani.

Maganar sati biyu ki lallashe ta, magani ne na shekaru kuma ba ta daina shan nata ba, abin da ake gudu shi ne a ɗore a haka wata da watanni. Ku dai faɗa ma likitan ranar da ta fara da ranar da ta daina da sunan kowanne, kar a ɓoye dan kunya, zai duba jinin ya san abin yi. Abinci kuma ta ci abinta, miyar zogale da alayyahu da wake daidai yadda kowa ke ci ba su ne matsalar ba, a dai wanke a dafa sosai, a bar ɗanyen ganye da na bakin titi. Garin zogale da ake sha cokali-cokali a matsayin magani da jiƙe-jiƙe da tonik ɗin ƙarin jini na kwalba su ne za a bari, yawancin tonik ɗin nan in kika karanta jikinsu ƙarfe ne da folik asid. Ga masu karatu kuma, akwai wata irin kansar jinin da ake ce ma APL wadda ake ba masu ita wani magani mai suna ATRA, shi daga bitamin A aka samo shi, su kuma bitamin A da man hantar kifi ne ba a haɗa masu.

Maman Sadik, Ƙofar Ƙaura:

Slm, na ce bari in dawo in faɗa maku yadda aka yi. Daren nan zafin bai kai 38 ba amma da safe mun kai ta an auna, maleriya ce an ba ta maganin da ya dace, gwajin ciki kuma babu. Mun samu likitanta na Kano a waya na karanta mashi sunayen duka, ya ce kar ta ƙara shan ko ɗaya, ya matso da ranar zuwanta ya ce za a haɗa da gwajin feritin da na hanta. Hajiya da na yi mata bayanin yadda Malam ya yi ta gane, ita ce ma yanzu ke riƙe da maganin satin a ɗakinta tana ba ta duk ranar da hannunta. Uwar mijin ce dai ta ɗan yi fushi wai an raina kyautarta. Sista, mijin ya yarda zai bi mu Kano, ina so likita ya faɗa mashi zancen cikin nan da bakinshi, dan in daga gare mu ya fito danginshi za su ce mu ne ba mu son ta haihu.